Sa'anni Biyu a Kan Jiƙaƙƙen Katako

A ranar 10 ga Oktoba, 1867 aka buɗe wata gadar jirgin ƙasa a garin Barmouth, a gaɓar yammacin Wales cikin ƙasar Birtaniya. Gadar ta ratsa bakin kogin Mawddach, daidai inda yake juye ruwansa cikin teku. Tsawonta wajen mita 800 ne, kuma mafi yawanta katako ne. A wannan shekarar dai, can a birnin Faris, maƙeran gidan Michaux suna ta ƙera wani abin hawa mai ƙafa biyu da aka liƙa wa feda a ƙafar gaba. Shi ma ƙafafunsa na katako ne, an yi musu ɗamara da ƙarfe kamar na tsohuwar amalanke. Turawan Ingila da suka hau shi a kan titin duwatsu suka ji a jikinsu, sai suka laƙaba masa suna mai nufin abin da ke girgiza ƙasusuwa. Ke nan gadar Barmouth da keke sa'annin juna ne, kusan rana ɗaya aka yanke musu cibi.

Tun daga wancan lokaci keke ya sake kama ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ya yar da katako, ya ɗauki roba da iska da kaca. Gadar kuwa tana nan da katakonta. A gefen layin dogon akwai 'yar siririyar hanya ta alluna, wadda masu tafiya a ƙasa da masu keke suke bi. Ranar da gari ya yi wasai, masu yawon buɗe ido kan tsaya a tsakiyarta su ɗauki hoton dutsen Cadair Idris. Amma wannan yanki yana cikin wuraren da suka fi ko'ina samun ruwan sama a Birtaniya, ga iska mai laima tana busowa daga teku, kuma duk wanda ya taɓa ɗora tayar keke a kan jiƙaƙƙen katako ya san abin da ke iya biyo baya. Abin ba ya sallama. Kana zaune a kan sirdi, sai kawai ka tsinci kanka a kwance, keken can gefe ƙafarsa tana ta juyawa.

Abin da ya ja mu ga tarihin wannan gada wata tambaya ce da ta daɗe tana cin mu. Ɗan Adam ya yi dubban shekaru yana gina gadar katako, ya kuma haura shekara 150 yana hawa keke. To me ya sa har yau haɗuwarsu a ranar ruwa kan ƙare da targaɗe ko karaya? Da muka bi sawun maganar, sai muka ga masu gina gada suna da abokan gaba da suke tsoro ƙwarai, amma santsi bai taɓa shiga sahunsu na gaba ba. Dalili kuwa, santsi ba ya kayar da gada. Mutum yake kayarwa.

Injiniyoyin da suka tsara gadar Barmouth, Benjamin Piercy da Henry Conybeare, ba don ƙawa suka zaɓi katako ba. Kuɗi ne babu. Ɗan kwangilar da ke gina layin, Thomas Savin, ya karye a 1866, kafin ma a kammala aikin. Katako ya fi ƙarfe araha, kuma ana iya kawo shi ta jirgin ruwa har bakin wurin aiki. Sai aka kafa ginshiƙai cikin yashin bakin kogin, aka jera tsalle 113 na katako, aka bar wani ɓangare na ƙarfe ta wajen gari wanda ake buɗewa jiragen ruwa su wuce. Jirgin ƙasa aka yi wa gadar. Babu wanda ya zauna ya yi tunanin wata siririyar tayar roba, domin ba a ma ƙirƙiro ta ba tukuna.

Babban abokin gaban katako a wurin magina na dā shi ne ruɓa. Itacen da yake cikin ruwa kullum yana daɗewa, wanda yake a bushe kullum ma haka. Wanda ke jiƙa ya bushe, ya sake jiƙa ya bushe, shi ne ke mutuwa da wuri. Maganin da aka samo tun ɗaruruwan shekaru shi ne a yi wa gada rufi kamar ɗaki. Gadar Kapellbrücke ta birnin Lucerne a Suwizalan tun ƙarni na 14 take tsaye da rufinta, kuma abin da ya kusa gamawa da ita a 1993 gobara ce. A Amurka, Timothy Palmer ya gina wata babbar gada a kan kogin Schuylkill a Philadelphia, aka buɗe ta a 1805, aka rufe ta sama da gefe, daga nan salon ya bazu har aka gina dubbai irinta. Wadda ta fi kowace tsawo a duniya tana Hartland a Kanada, mita 391.

Mai tafiya yakan zaci don shi aka yi rufin, ya fake idan hadari ya taso. A'a, don ginshiƙai da azarori aka yi shi. Hujja kuwa ita ce wata sana'a mai ban dariya da ta wanzu a waɗannan ƙasashe masu sanyi: idan hunturu ya shigo, mutane suka koma tafiya da keken doki marar ƙafafu da ake ja a kan dusar ƙanƙara, sai rufin ya hana dusar sauka a daɓen gadar. Dole a biya wani ya riƙa kwaso ta da shebur yana shimfiɗawa a ciki. Wato akwai zamanin da ake biyan lada don a sa wa gadar katako santsi.

Gadar Barmouth ba ta da rufi, kuma abin da ya so kashe ta daga ƙasa ya ɓullo. A 1980 masu nutso suka duba ginshiƙanta suka tarar wata halitta ta teku da masana ke kira Teredo ta cinye cikinsu. A ido kamar tsutsa take, amma dangin kifin kwanso ce, da ɗan guntun kwanson da ke kanta take huda itace. Aikinta irin na gara ne: waje lafiya lau, ciki kamar saƙar zuma. Ita ce ta taɓa tayar wa mutanen Holan hankali a shekarun 1730, lokacin da ta ci katakon da ke tare musu teku. A Barmouth sai da aka dakatar da jirage, aka maye wasu ginshiƙan da wani itace mai tauri da ake samowa daga Guyana, aka yi wa wasu riga ta siminti, aka kuma hana manyan kawunan jirgi hawa gadar na tsawon shekaru. Duk wannan daidai ne, ba mu ga laifin kowa ba. Abin lura kawai shi ne inda ido da kuɗi suke tafiya. Abin da ke cin gada yana da suna na kimiyya, yana da kasafi, yana da masu nutso. Ɗan koren majinar da ke kwance a saman allo kuwa, wadda ba ta kai kaurin farce ba, sai ranar da ta kayar da wani ake tuna ta.

Ko a zamanin dawaki an san jiƙaƙƙen katako ba abin yarda ba ne. A ƙarni na 19 an daɓe tituna da yawa na Landan da guntayen katako, saboda sun fi dutse rage ƙarar kofato da ƙafar ƙarfe. Idan aka yi yayyafi ya gauraya da kashin doki, sai titin ya koma kamar an shafa masa man shanu, a bi ana watsa yashi da tsakuwa. Amma doki ƙafa huɗu gare shi, in ɗaya ta zame sau da yawa ukun kan cece shi. Mai tafiya a ƙasa ma yana iya tangaɗi ya dafe wani abu. Keke shi ne abin hawa na farko da ɗan Adam ya yi wanda ba ya iya tsayuwa da kansa, kuma duk zamansa a miƙe ya dogara ne ga wurare biyu da taya ke taɓa ƙasa, kowanne bai fi kan babban yatsa ba.

Keken da muka sani ya samu siffarsa ne a 1885, lokacin da John Kemp Starley na birnin Coventry ya fito da samfurin da ya kira Rover: ƙafafu biyu kusan kai ɗaya, kaca tana juya ta baya, mahayi a zaune kusa da ƙasa. Kafin shi ana hawa wani dogon keke ne mai ƙatuwar ƙafar gaba, wanda ko dutse ya ci karo da shi sai ya wurgo mutum ta ka. Bayan shekara uku, a 1888, wani likitan dabbobi a Belfast mai suna John Boyd Dunlop ya yi rajistar tayar da ake hura wa iska, wadda ya fara gwadawa a kan ɗan keken ɗansa. Aka yi ta yi masa dariya har zuwa 1889, ranar da Willie Hume ya hau irin wannan taya ya lashe tsere a Belfast. Daga nan kowa ya koma kanta.

Sai dai tayar iska ta zo da nata. Ta farko sumul take, ga ta tana ba mutum damar gudu fiye da dā, kuma masu keke na shekarun 1890 sun sha kuka da abin da suke kira zamewar gefe: kana tafiya a jiƙaƙƙen titi, ƙafar keke ta fice daga ƙarƙashinka ta yi gefe. Masu ƙera taya suka yi ta fito da zane iri-iri a jikin roba, kowa yana tallar cewa tasa ba ta zamewa. Birki ma bai taimaka ba. Na farko wani ɗan cokali ne da ke danna saman taya. Daga baya aka koma birkin sanduna, wanda ke jawo roba biyu su matse rim ɗin ƙarfe.

A nan ne labarin ya iso ƙofar gidanmu. Wannan keke mai birkin sanduna shi ne wanda kamfanin Raleigh na birnin Nottingham ya cika ƙasashenmu da shi, har ya kafa masana'anta a Kano. Shi ne keken malamin makaranta da na mai kai madara da na ɗan aike, shi ne wanda iyayenmu suka yi wa ado da madubi da tuntu, shi ne wanda muka koya a kai ta hanyar zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda domin ba mu kai sirdi ba. Rim ɗinsa mai ƙyalli, wanda yara ke mayarwa gare-gare idan ya tsufa, yana kama birki sosai a rani. Da ruwa ya taɓa shi kuwa, sai ka matse birki ka ji shiru. Sai ƙafar ta juya sau biyu ko uku robar ta share ruwan, sannan ya cafke gaba ɗaya. A kan kwalta wannan ɗan tsoro ne kawai. A kan katako, wannan cafkewar ita ce faɗuwa.

Mu ma mun ɗanɗana. Wata damina, da sassafe bayan an kwana ana ruwa, muka nufi wurin aiki da kwamfuta a jakar baya. A bakin layinmu akwai alluna uku da aka gitta a kan lambatu, waɗanda muka bi ta kansu sau ɗaruruwa. Muka shigo su a karkace, muka taɓa birkin gaba saboda wata akuya, shi ke nan. Wuyan hannu ya yi makonni yana ciwo, kuma mai rubuta manhaja da hannu ɗaya abin tausayi ne. Mutane suka taru ana ta sannu, ana cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mai shayin da ke gefe ya miƙo mana jakar, ya ce, "Sannu Malam. Ai tun asuba kai ne na uku." Wannan magana ta fi ciwon daɗewa a ranmu. Tsautsayin da ke zaɓar wuri ɗaya ya jira mutum uku kafin ƙarfe takwas, ya kamata a je a duba wurin.

Idan aka duba, ruwa shi kaɗai ba shi ne duka laifin ba. Sabon katako mai kaushi, ko ya jiƙa, yana da ɗan riƙo. Tsohon allo kuwa ƙafafu sun goge shi ya yi sulɓi, ya sha ruwa ya yi laushi, sannan gansakuka ta kama shi, irin wadda muke gani a gindin randa da bakin rijiya. A bushe ba a ko ganinta. Da ta sha ruwa sai ta kumbura ta zama yauƙi kamar miyar kuɓewa, taya ta daina taɓa katako, ta koma tafiya a kan yauƙin. Shi ya sa gadar da ke ƙarƙashin inuwar bishiyoyi ta fi wadda ke fili haɗari, shi ya sa kuma yayyafi ko raɓar asuba suke iya yin ɓarnar da mamakon ruwa yake yi. Ga kawunan ƙusoshi, ga farantan ƙarfe da ake sawa a mahaɗar gada da hanya, ga ruɓaɓɓen ganye. A ƙasashen sanyi akwai ƙari: iska tana ratsa gada ta sama da ƙasa, don haka takan yi ƙanƙara tun hanyar da ke kaiwa gare ta ba ta yi ba. Yadda aka jera allunan ma magana ce. Idan a gicciye suke, keke zai yi ta kakkarwa amma zai wuce. Idan a tsaye aka jera su, suna bin tsawon gadar, to tsagin da ke tsakaninsu yana iya kama taya ya hana ta karkata ko kaɗan, kuma keken da aka hana karkata kansa ya riga ya faɗi.

Wannan batu na ƙarshe shi ne zuciyar al'amarin. Mai keke ba ya tafiya a miƙe sak, ko da yana jin haka yake yi. Kullum yana ɗan faɗuwa hagu ko dama, yana kuma juya kan keken ya tari faɗuwar, ba tare da ya sani ba. Kowace tara tana buƙatar ƙasa ta riƙe taya ta gefe. Riƙon da ke tsakanin roba da ƙasa kuwa kamar kuɗin cefane yake, guda ɗaya ne, daga cikinsa birki ke ci, kwana ta ci, taka feda da ƙarfi ya ci. A busasshiyar kwalta kuɗin da yawa, kowa ya ɗiba a bar saura. A jiƙaƙƙen katako ɗan kaɗan ne, da ƙyar yake isar tsayuwa a miƙe. Tayar baya in ta zame ana iya ceto ta. Ta gaba in ta tafi, babu lokacin ko sauke ƙafa.

Daga nan duk dabarun da tsofaffin mahaya suka gada suka fito, kuma kusan dukkansu kafin a hau gadar ake yin su. Ka rage gudu tun kana kan ƙasa mai riƙo, ka gama kwanarka, ka fuskanci gadar kai tsaye. Da ka hau, ka zauna a sirdi, ka saki kafaɗa, ka bar keken ya gangara ko ka taka a hankali, idonka a ƙarshen gadar. Hannu ya bar birkin gaba. In dole ce ta kama, a lallaɓa na baya. Matsala ta biyu tana jira a bakin fita, inda sau da yawa hanya kan karya kwana kuma mutum yakan fara juyawa alhali tayar baya tana kan allo. Rage wa taya iska kaɗan yana faɗaɗa wurin da take taɓa ƙasa. Zanen da ke jikinta kuwa, wanda aka yi ta tallarsa tun 1890, ba ya yin abin da ake zato a kan abu mai tauri da sulɓi. Wani injiniya Ba'amurke, Jobst Brandt, ya shafe shekaru yana nuna cewa tayar keke ta yi siranta da yawa, ruwa ba ya taruwa a ƙarƙashinta ya ɗaga ta kamar ta mota, don haka nau'in robar da yawan iskar sun fi zanen tasiri. Hatta birkin faifai na zamani, wanda ruwa ba ya hana shi kamawa, bai raba gardamar ba. Ya dai mayar da ita wani wuri: yanzu birkin ya fi ƙarfin riƙon da katakon zai iya bayarwa, yatsa ɗaya ya isa ya kulle ƙafa.

To ta yaya ma keke ya samu kansa a kan gadar jirgin ƙasa? Gado ya ci. A 1963 Richard Beeching ya fitar da rahoton da ya sa aka rufe dubban kilomitoci na layin dogo a Birtaniya. Layin da ke bin gefen kogin Mawddach daga Dolgellau yana ciki, aka rufe shi a 1965. Na bakin teku, mai bi ta kan gadar, ya tsira. Da aka kwashe ƙarafan rufaffen layin sai ya bar shimfiɗaɗɗiyar hanya marar tudu, wajen kilomita 15, wadda daga baya ta zama hanyar keke da ta masu tattaki. A 1977 wasu masu keke a Bristol suka kafa ƙungiyar da ta zama Sustrans, suka fara da mayar da tsohon layin Bristol zuwa Bath hanyar keke. A 1995 suka samu tallafin sama da fam miliyan 40 don haɗa irin waɗannan hanyoyi a faɗin ƙasar, hanya mai lamba 8 da ta ratsa Wales daga kudu zuwa arewa ta bi ta kan gadar Barmouth. Haka abin yake a wurare da yawa. Hanyoyin keke sun fi bin tsofaffin layukan dogo da gefen magudanan ruwa da dazuzzuka, inda gadojin katako suke, inda kuma laima ba ta ƙarewa.

An taɓa gina wa keke tasa gadar katako, shi kaɗai. A 1900 wani attajiri, Horace Dobbins, ya buɗe wata hanya ta alluna da aka ɗaga sama a kan ginshiƙai a Pasadena ta jihar Kalifoniya, da fitilun lantarki da kuɗin shiga, da niyyar kai ta har Los Angeles. Kimanin kilomita biyu aka gina, yayin keke ya wuce, aka wargaza ta cikin 'yan shekaru, daga baya babban titin mota ya bi ta wannan kwari. Wadda aka yi don keke, a ƙasar da ruwa bai dame ta ba, ba ta yi ƙarko ba. Wadda ba a yi don shi ba, a ƙasar ruwa, ita ce ke ɗauke da shi har yau.

Da masu keke suka yawaita a irin waɗannan gadoji, masu kula da su suka shiga neman magani, kuma galibi mai araha aka fara nema. Aka riƙa shimfiɗa ragar waya irin ta kejin kaji ana bugawa da ƙusa. Tana aiki na ɗan lokaci, sannan ta yi tsatsa ta tsinke, tsinin ya koma huda taya da ƙafar kare. Aka zo da alluna masu tsagi-tsagi, sai tsagin ya zama matattarar laka da ruwa, gonar gansakuka. Abin da ya fi tasiri shi ne a haɗa ɓarzajjen dutse mai tauri da danƙo a liƙa shi layi-layi a jikin allon, ya zama kamar takardar goge katako, a kuma riƙa wanke gadar kafin kore ya kama ta. Wankin ne ya fi wuya, domin ba aikin rana ɗaya ba ne da za a yanke kyalle a ɗauki hoto.

Santsi ma ana auna shi, kuma wannan ya burge mu. A shekarun 1940 Percy Sigler na hukumar ma'aunai ta Amurka ya ƙera wata na'ura mai hannu kamar lilo, da ɗan guntun roba a ƙarshensa. Masu binciken hanyoyi na Birtaniya suka inganta ta daga baya. Ana jiƙa wurin, a saki hannun ya shafi ƙasa ya wuce. In ya tashi sama sosai a ɗaya gefen, babu abin da ya riƙe shi, wurin yana da santsi. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya tana ɗaukar maki 36 zuwa sama a matsayin ƙaramin haɗari, 24 zuwa ƙasa kuwa babba. Don takalmi da tayar mota aka yi na'urar, amma ta isa ta nuna cewa abin da muke kira tsautsayi yana da lamba, kuma ana iya sanin lambar kafin wani ya faɗi.

Maganin da ya fi kowanne araha shi ne allon sanarwa. A ko'ina cikin Birtaniya za ka ga shuɗin allo a bakin gada yana cewa masu keke su sauka su tura. A Wales doka ta sa a rubuta da Turanci da harshen ƙasar. A 2006 aka kafa irin wannan allo a hanyar Penarth zuwa Cardiff, Turancin daidai, amma fassarar tana magana ne a kan kumburin mafitsara, saboda kalmar masu keke da sunan cutar sun yi kama a Turanci. An yi dariya an wuce. Mu dai abin ya nuna mana matsayin allon a wurin masu kafa shi: ba a ko damu a karanta shi ba kafin a buga.

Ba muna cewa kada a sauka ba. Akwai ranar da sauka ita ce hankali, sannu ba ta hana zuwa, ko da yake takalmi mai sulɓin ƙasa ma yana zamewa a inda taya ta zame. Amma a sana'armu akwai abin da muka koya da wuya. Idan masu amfani da manhaja suka yi ta yin kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya, malalacin mai rubutu yakan liƙa saƙon gargaɗi ya ce ya fita haƙƙi. Gargaɗin bai gyara komai ba, ya dai canja wanda za a ɗora wa laifi. Hukumomin ma sun fara yarda da haka. Jagoran gina hanyoyin keke da ma'aikatar sufuri ta fitar wa Ingila a 2020 ya nemi a ɗauki keke a matsayin abin hawa, a kuma daina dogaro da allon a sauka. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne akwai masu larura da keke ne ƙafarsu, mai ƙafa uku ko wanda ake tuƙawa da hannu. Su ba za su iya sauka su tura ba.

Ita hanyar gefen gadar Barmouth, ba santsi ne ya kusa rufe ta ba, lissafi ne. An daɗe ana karɓar kuɗin wucewa a wani ɗan ɗaki a bakinta, har zuwa 2013 da aka daina. A wancan lokaci majalisar gundumar Gwynedd ce ke biyan masu layin dogo kimanin fam dubu 30 a shekara don a bar mutane su riƙa bi. A 2015, da aka matsa mata ta rage kashe kuɗi, sai ta sa wannan cikin abubuwan da za a iya yankewa. Da an yi haka, mai keke zai zagaya ne can cikin kwarin, ta gadar Penmaenpool, wadda ita ma ta katako ce tun 1879, sannan ya dawo ta wani matsattsen titi mai kwana-kwana yana gogayya da motoci. Dubban mutane suka sa hannu a takardar koke. Mutanen da suka san jiƙaƙƙen allo sarai sun gwammace shi a kan gefen titi. A 2016 majalisar ta janye.

Daga 2020 zuwa 2023 kamfanin Network Rail ya kashe kimanin fam miliyan 30 ya yi wa gadar gyara mafi girma a tarihinta. Da yake tana cikin gine-ginen tarihi da doka ta kare, ba a yarda a mayar da ita siminti ba. Inda aka cire ƙarfe aka sa ƙarfe, inda aka cire katako aka sa katako. Ana yin aikin ne galibi daga kaka zuwa farkon hunturu, bayan baƙi sun watse, lokacin da ruwa da iska suka fi tsanani a bakin Mawddach. A watan Disamba na 2023 jirage suka dawo bi ta kanta.